Ina Son Koyon Hawan Igiyar Teku, Amma Ruwa Ya Taɓa Cinye wa Inna Ɗa

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Garwa ne, shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Sana'ata fataucin albasa, in yi lodi a Marwa in sauke a Duwala, a rani nakan yi sawu huɗu ko biyar. Bara wani abokin ciniki ya ja ni Kiribi muka kwana biyu. Da sassafe na fita bakin teku, sai na hangi wani saurayi kwance a kan allo cikin ruwa. Igiya ta taso ta ɗauke shi, ya miƙe tsaye, ta yi ta gudu da shi har gaci. Tun ranar abin bai bar raina ba. Kullum dare ina kallon bidiyonsu a waya, har maiɗakina ta raɗa min suna Sarkin Ruwa. Na iya iyo tun ina yaro a Binuwai, sai dai rabona da ruwa mai zurfi shekara 20, tun ranar da kogin ya tafi da ƙanena. Da na taɓa zancen a gaban Inna ba ta ce uffan ba, ta tashi ta shige ɗaki, daga baya aka ce min kuka ta yi. Maiɗakina ta ce kuɗin makarantar yara ya fi, kuma bakin teku wurin tsiraici ne. Abokai suna min dariya, wai da furfura a gemu zan koma wasan yaran Turawa. Yanzu wani a Duwala ya turo min hoton allo na hannu, gajere mai tsini, ya ce in kawo sefa dubu 150. Ina tunanin in saya in ajiye a can, in riƙa koya a ɓoye. Wane bakin teku ya dace da irina? Wane kaya zan saya? Kuma in na ɓoye na yi laifi?

Mai albasa, Garwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ƙara wa Inna haƙuri. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu na lura cewa tambayar da ta fi damunka ita ka ajiye ƙarshe, kamar mai sayar da albasa da ke tura ruɓaɓɓiyar ƙasan buhu. Za mu zazzage buhun duka.

Bari in sallami abokanka tukuna, don maganarsu ita ce mafi sauƙi. Gemu ba ya hana ilimi, kuma wannan wasa ba Turawa suka ƙago shi ba. Mutanen tsibirin Hawai a tekun Fasifik ne suka fi shahara da shi tun kafin Bature ya taka ƙasarsu. A nan gaɓarmu ma, wani matafiyi Bature ya rubuta a 1834 cewa ya ga yara a Akara suna kwanciya a kan 'yan alluna marasa nauyi, igiya tana koro su bakin gaci. Batanga, mutanen Kiribin da ka je, an san su da ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya da suke ratsa igiya da su su dawo a kanta. Yau abin ya kai ga shiga gasar Olamfik, an fara a Tokiyo a 2021. Akwai kuma maganar nan da ake jingina wa Sayyidina Umar, ta a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki. Saboda haka son da kake wa abin ba abin kunya ba ne. Ina ma zaton akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Yaron da ya tashi cikin Binuwai, ya shekara 20 yana gudun ruwa, rana ɗaya ya ga ruwa ya ɗauki mutum ya ajiye shi lafiya yana dariya, dole zuciyarsa ta motsa. Ban ga laifinka a nan ba.

Inda zan ga laifinka shi ne ɓuya. Ka san kasuwarku fiye da ni. Direban tirela, yaran mota, 'yan lodi, dillalan Duwala, kowa da waya a hannu. Ba za a yi sawu biyu ba sai hotonka da allo ya isa Garwa kafin kai ka isa, kuma Inna za ta ji daga bakin wata maƙwabciya. Ka auna yadda za ta ji a ranar: ga tsoro, ga sanin cewa ka ga hawayenta ka zagaye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Ita ba ta ga abin da ka gani a Kiribi ba. Da ka ce ruwa, abin da ya zo idonta shi ne ranar da aka tsaya bakin Binuwai ana jiran masunta.

Ka same ta ita kaɗai, bayan isha, ba a tsakar gida cikin jikoki ba. Kada ka fara da teku. Ka fara da marigayin, ka gaya mata kai ma abin bai sake ka ba, domin ina kyautata zaton ku biyun ba ku taɓa zama kun yi wannan hirar ba. In ta saurara, sai ka faɗa mata gaskiyar abin da kake nufi, ba abin da kake kallo a bidiyo ba: ruwa iya ƙugu, ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, malami tsaye kusa da kai, allon ɗaure a ƙafarka, kuma za ka kira ta kafin ka shiga da bayan ka fito. In akwai wani ɗan'uwanta ko malamin da take jin nauyinsa, ka roƙe shi ya sa baki. To in bayan duk wannan ta ce a'a fa? Ra'ayina shi ne ka dakata. Ba zan ce maka ka tsallake kukan mahaifiya saboda nishaɗi ba. Ka nemi izinin abu ƙarami, wato komawa iyo a kududdufin otal inda ake ganin ƙasa, ka yi watanni a haka, ta ga kana zuwa kana dawowa. Tsofaffi sukan sassauta da abin da suka saba gani, ba da hujja ba. Badi ka sake tambaya.

Maiɗakinka kuwa, duk maganganunta biyu suna kan hanya, kada ka ɗauke su ƙorafin mata. Kuɗin makaranta da cefane su fara fita, abin da za ka kashe a teku ya fito daga aljihun shayinka da ɗinkin sallarka, kuma ta san adadin. Batun tsiraici gaskiya ne, musamman ƙarshen mako da lokutan hutu da mutanen Yawunde da Duwala ke cika Kiribi. Sai dai a nan Allah ya haɗa maka biyu. Lokacin da ya fi dacewa da mai koyo shi ne bayan asuba, da gari ya waye, kafin iska ta tashi ta dagula igiyar, kuma a wannan lokacin ba kowa a bakin teku sai masunta. Kafin masu shan rana su farka kai ka yi wanka ka karya. In hali ya yi, ka tafi da ita sau ɗaya ta gani da idonta. Wadda ta sa maka Sarkin Ruwa ba ta rasa sha'awar ganin naɗin ba.

Yanzu ga teku, kuma a nan zan daɗe. Iyon kogi da iyon teku ba ɗaya ba ne. Kogi gaba ɗaya yake tafiya, ka san inda ya nufa. Teku kuwa ya turo ka, ya janye ka, ya ɗaga ka, ya maka ka da ƙasa, ga gishiri a ido da maƙogwaro. Ni kaina na sha kunyarsa. Farkon zuwana Kiribi na naɗe wando na shiga iya gwiwa, na juya wa ruwan baya ina yi wa abokin tafiyata magana. Sai na ji rairayi yana zarewa daga ƙarƙashin dugadugaina kamar ana janye tabarma, kafin in ankara wata igiya ta buge ni ta baya, na tashi bakina cike da yashi, hulata tana can tana lilo a kan kumfa. Iya gwiwa ke nan. Don haka kafin ka taɓa allo, ka koma kududdufi ka gwada kanka. Ka iya yin mita 200 ba tsayawa? Ka iya kwanciya rigingine a kan ruwa minti goma ba ka firgita ba? In amsar a'a ce, nan aikinka na bana yake. Kada ka ce za ka yi atisaye a Binuwai ko tafkin Lagdo, ka san dorina da kada ba labari ba ne a can, ga tsargiya. Ka kuma je a auna maka jini da bugun zuciya, domin tuƙa allo da hannu aiki ne mai cin numfashi, kuma mai shekara 41 da ke wuni kan buhu yana ƙirga kuɗi ba yaron da ya bar kogi ba ne.

Abin da ya fi kashe mutane a bakin teku ba babbar igiya ba ce. Ruwan da igiyoyi suka turo gaci dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa hanya siririya ya riƙa kwarara ciki da ƙarfi kamar lambatu bayan ruwan sama. Yaudarar ita ce wurin yakan yi kama da inda ya fi lafiya. Dama da hagu igiya na fashewa da farin kumfa, tsakiya kuma ga wani fili shiru, ruwansa ya ɗan fi duhu, wani lokaci ka ga ganye ko leda na tafiya ciki. Baƙo sai ya ce bari in shiga nan da ba hayaniya. In ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaci kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare shi bai gaji ba. Ka riƙe allonka, ka tuƙa a kaikaice, wato ka bi tsawon gaɓa, har ka fita daga magudanar, sannan kumfa ya koro ka gida. In ka gaji ka ɗaga hannu ɗaya sama, alamar neman taimako. Ka sa a nuna maka irin wannan ruwan daga tudu kafin ka jiƙa ƙafa, har sai ka iya gane shi da kanka.

Wurin da ya dace da mai koyo yana da kamanni, kuma kamannin sun fi suna muhimmanci. Ƙasansa rairayi ne zalla ba dutse, yana gangarawa a hankali har ka yi tafiya mai ɗan nisa ruwa bai wuce ƙugunka ba, igiya tana fashewa can ciki ta iso gare ka ta zama kumfa mai gudu. Wannan kumfan shi ne makarantarka ta watannin farko. Ka guji inda gaɓa ta yi tsaye igiya na dukan yashi da ƙara, can ake karya wuya da kafaɗa. Ka guji bakin kogi, da inda kwale-kwale ke shiga da fita, da inda aka shimfiɗa taru.

Duwala ba ta cikin lissafi, tana kan bakin kogin Wuri ne, laka da jiragen kaya. Kiribi ita ce taka, tafiyar kamar awa uku ta Edeya. Ruwanta da ɗumi shekara duk, kuma a rani igiyarta yawanci ƙarama ce, abin da ƙwararru ke rainawa amma kai shi kake nema. Ka nisanci mashigar kogin Kiyenke a cikin gari inda masunta ke sauke kifi, da wajen da kogin Lobe ke zubowa cikin teku kudu da gari, wurin kallo ne ba na koyo ba. Akwai duwatsu jefi-jefi a gaɓar, wasu ba sa bayyana sai ruwa ya janye. Teku na cika ya janye sau biyu a kwana guda, kuma lokacin yana jinkirtawa da kusan minti 50 kowace rana, don haka ka je ka ga wurin a janye tukuna. Ka kuma gai da masunta, ka sayi kifinsu, ka tambaye su. Da ɗan gari akan ci gari, su ne suka san inda ruwa ke ja.

Limbe, kimanin kilomita 70 daga Duwala, ita ce aka fi sani da wannan wasa a Kamaru, musamman gaɓar da ke yamma da gari wajen Seme. Rairayinta baƙi ne saboda tana gindin Dutsen Kamaru mai aman wuta, kuma duwatsun nan masu kaifi suna nan cikin ruwa a wurare da yawa. Igiyarta ta fi ta Kiribi ƙarfi, za ka fi samun masu allo a can, sai dai yankin na cikin rikicin yankunan masu amfani da Ingilishi da ya taso tun ƙarshen 2016, ka tambayi halin hanya ranar da za ka tafi. Ko'ina ka zaɓa, ka bar damina. Daga Yuni zuwa Satumba ne manyan igiyoyi ke tasowa daga kudancin Atilantika, ga yawan ruwan sama, ga koguna na amayar da itace da shara. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, kuma ya zo daidai da sawunka.

Matsalar ƙasarmu ita ce malamai da kayan haya ba su wadata ba. Saurayin nan da ka gani, ko irinsa, shi za ka nema. Ka zauna ka kalle shi yana koya wa wani. In ya fara da nuna ruwa daga tudu, ya tsaya cikin ruwa kusa da ɗalibinsa, ka riƙe shi. In ya miƙa allo ya koma inuwa yana danna waya, ka yi gaba. Kada ka shiga kai kaɗai ko da rana ɗaya. In wata shekara kasuwa ta yi kyau kana son makaranta ta sosai, Dakar ce zan nuna maka. Gaɓar Yof doguwa ce, rairayi ce, akwai masu koyarwa da allunan haya, ga gari na Musulmi, har a Wakam akwai masallaci a bakin ruwa dab da inda ake hawan igiya. Tsibirin Ngor da ake yawan nunawa a bidiyo a kan dutse igiyarsa ke fashewa, ba naka ba ne yanzu. Ruwan Dakar yana sanyi daga Disamba zuwa Afrilu, sai da rigar roba, kuma sefarsu daban take da tamu ko da darajarsu ɗaya, sai ka yi canji. Busuwa a Gana da Takwa Be a Legas, wadda sai da jirgin ruwa ake isa, su ma ana koyo a can. Sati ɗaya a jere a irin waɗannan wurare ya fi kwana ɗaya-ɗaya goma a warwatse.

Allon dubu 150 kuwa, kada ka saya, ko da ya rage rabi. Gajere mai tsini na ƙwararru ne, siriri ne, ba ya ɗaukar nauyin babban mutum sai an iya, kuma tsininsa da 'yan fikafikan ƙasansa suna tsaga fata. Kamar a bai wa wanda bai taɓa hawan jaki ba ingarman doki ne ranar hawan salla. Kai dogo kake so, ƙafa takwas zuwa tara, wato mita biyu da rabi ko sama kaɗan, mai faɗi, mai kauri, mai hanci zagaye, wanda aka lulluɓe samansa da soso. Shi ne ke tsayawa daram, ya kama ƙaramar igiya, in ya buge ka kuma ya bar ka da haƙoranka. Ka yi haya ko aro sau biyar ko shida kafin ka sayi komai. Ranar da za ka sayi na hannu, ka ɗaga shi ka ji nauyi, in ya yi nauyi fiye da girmansa ya sha ruwa. Ka bi jikinsa da babban yatsa kana dannawa, ka duba tsaga a gindin fikafikan. Sannan ka tambayi kanka inda zai zauna, don rana tana kumbura shi ta ɓamɓare fatarsa, kuma saman tirelar albasa ba wurinsa ba ne. A bar shi a inuwa a Kiribi wajen amintacce.

Abin da ba a yi wa rowa shi ne igiyar ƙafa, irin talalar da ke haɗa idon sawunka na baya da wutsiyar allo. Tsawonta ya kai tsawon allon, kuma sabuwa za ka saya, don tsohuwa takan tsinke a lokacin da aka fi buƙatarta. In allon na shafa kaki ne don kada ƙafa ta zame, ka ce na ruwan ɗumi kake so, na ƙasashen sanyi narkewa yake a nan. Sutura ba wuya: riga mai dogon hannu da ke kama jiki, irin ta 'yan ƙwallo ma ta yi, don allo na goge ƙirji da ciki, da wando mai mazagi da ya rufe cibiya ya sauka ƙasan gwiwa, a ɗaure shi tamau domin igiya ba ta da kunya. Kada ka shiga da jallabiya ko wando mai faɗi, suna shan ruwa su naɗe ƙafa.

Kafin nan akwai aikin gida. Ka shimfiɗa tabarma, ka kwanta rub da ciki, tafin hannu a gefen ƙirji, ka tura ka miƙe a tsugune, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ido na kallon gaba. Sau goma da safe, yara za su yi dariya, su ma su shigo. A ruwa kuma kwanakin farko a kwance za ka yi su. Kada ka sa allo tsakaninka da igiya. In za ka faɗi ka faɗi a baje, ba da ka ba, ka fito hannuwanka rufe da kai.

Akwai kuma ɗan ƙaramin allon soso, tsawonsa kamar mita ɗaya, wanda a kwance kawai ake hawansa cikin ruwa iya ƙugu. Ya fi araha nesa ba kusa ba, yana shiga jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare a hammata, kuma zai koya maka karatun igiya kafin ka yi tunanin tsayuwa. Shi za ka iya kawowa Garwa ka ajiye a gaban Inna ta taɓa, ta danna, ta ga igiyar da ake ɗaurawa a hannu. Mutumin Duwala kuma ka tura masa saƙo yau ka ce ka gode, ya nemi wani. In kun zauna da Inna ka rubuto min abin da ta ce.